Ƙagewar kafaɗa: a ja hannun ko a ƙyale shi?

Ummu_Hanif: Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambayata ga ma'aikatan lafiya da ke cikinmu ce. Akwai wani ciwon kafaɗa da ke yawan kama waɗanda suka haura arba'in, musamman mata. Ba faɗuwa, ba bugewa, haka kawai kafaɗa ta fara ciwo, ta hana barcin dare, bayan 'yan watanni kuma hannu ya ƙi ɗaguwa. Mace ta kasa ɗaura ɗankwali, ta kasa kai hannu baya ta gyara goyo, namiji kuma zura riga ko kai hannu aljihu ya gagare shi. Shawara biyu ake ba su, kuma sun saɓa wa juna. Wasu su ce a daure a riƙa jan hannun da ƙarfi, in ba haka ba zai mutu. Wasu su ce a ƙyale shi, da kansa yake sakewa. Wanne ne daidai? Kuma me ke faruwa a cikin gaɓar?

Fisiyo_Kurna: Wa alaikumus salam Hajiya. Kan ƙashin dantse mulmulalle ne, yana zaune a cikin wani ɗan kwarmi marar zurfi a gefen allon kafaɗa. Akwai wata jaka ta tantani da ta lulluɓe mahaɗar tasu. Ga mai lafiya jakar nan sako-sako take, har da naɗi a wajen hammata, kamar hammatar babbar riga, shi ya sa hannu ke iya miƙewa sama. A wannan ciwon jakar ce ke fara kumbura, sai ta yi kauri, ta tsuke. Ƙashi lafiyarsa ƙalau, tsoka ma haka.

Mataki uku yake bi. Na farko zafi ne ya fi yawa, musamman da dare, kuma motsi na raguwa a hankali. Yana ɗaukar wata 2 zuwa 9. Na biyu zafin ya lafa amma kafaɗar ta ƙage sosai, wata 4 zuwa 12. Na uku ta fara saki da kaɗan-kaɗan, wata 5 har zuwa shekara 2. Jimilla galibi shekara ɗaya zuwa uku.

Jan hannu da ƙarfi a mataki na farko kuskure ne, don tantani mai kumburi kake ƙara fusatawa. Rashin motsa shi a mataki na biyu da na uku shi ma kuskure ne. Sai an san matakin da mutum yake kafin a ba shi shawara.

DanBaiwa_77: Ni dai abin da na sani sanyi ne. Ba shi ya sa ake ce masa daskarewar kafaɗa ba? Kwana a ƙarƙashin fanka da wanka da ruwan sanyi a hunturu.

Likita_Gwale: Malam DanBaiwa, sunan ne ya ja mutane ga wannan fahimtar. Wani likitan Amurka, Codman, shi ya raɗa masa sunan da ke nufin daskararriyar kafaɗa a 1934, kuma kwatance kawai ya yi, wato ta tsaya cak kamar ƙanƙara. Babu ruwan ciwon da fanka ko hunturu. Sanyi na iya sa mai ciwon ya ƙara jin zafi, amma ba shi ya kawo shi ba. A Hausa ƙagewa ta fi dacewa da abin.

Ga gwajin da ke bambanta shi da sauran ciwukan kafaɗa, kuma a gida ma ana iya yi. Mutum ya zauna, ya manna gwiwar hannunsa a kwiɓinsa, ya lanƙwasa ta kamar zai karɓi faranti. Wani ya riƙe wuyan hannun ya buɗa shi waje a hankali, kamar buɗe ƙofa, ba tare da gwiwar ta bar jiki ba. A yi wa hannu mai lafiya a kwatanta. A ƙagewar kafaɗa hannun zai tsaya tun bai yi rabin na ɗaya ɓangaren ba, wani lokaci ko motsi ba ya yi, kuma za ka ji ya tokare kamar ka kai ƙarshen igiya. Abin lura shi ne wani ne ke motsa hannun, amma duk da haka ya ƙi. In jijiyar tsoka ce ta yage, mutum ba ya iya ɗagawa da kansa, amma in wani ya ɗaga masa hannun yana tafiya.

Nas_Rakiya: Kafin a yi nisa, duk wanda kafaɗarsa ta ƙage ba tare da rauni ba a auna masa suga. A cikin jama'a mutum 2 zuwa 5 cikin ɗari ne ke samun ciwon, amma a masu ciwon suga ya kai 10 zuwa 20 cikin ɗari, kuma nasu ya fi tsanani, ya fi daɗewa, ya fi tsallakawa ɗaya kafaɗar. Akwai waɗanda ta kafaɗar ce ake fara gano sugansu. A auna da safe kafin a ci komai. In ya kai miligiram 126 a desilita ko ya haura, a maimaita wata rana. In da hali a yi HbA1c, wanda ke nuna yadda sugan yake cikin kusan wata uku, 6.5 cikin ɗari zuwa sama ciwon suga ne. Sai kuma gwajin ƙwayar maƙogwaro da ke kawo maƙoƙo, don ita ma tana da alaƙa da ciwon.

Kine_Damagaram: Ga 'yan uwa na Nijar, a takardunmu da giram ake rubutawa. 126 da malama Rakiya ta faɗa shi ne 1,26 a lita.

Tanimu_Mai_Shago: Ranku ya daɗe, ina da ja kaɗan. Kuna maganar shekara uku. Manomi ko mai dako ba zai iya jiran shekara uku ba. Masu ɗori suna kama hannun su fizge, a ji ƙas, wani kuma washegari ya ɗaga hannunsa. Ai ko a asibiti na ji ana yin irin wannan. To mene ne bambancin?

Likita_Gwale: Tambayarka a kan hanya take, Malam Tanimu, kuma gaskiya ne ana yi a asibiti. Ƙarar da ake ji jakar ce ta yage. Bambancin yana wuri huɗu. A asibiti sai an sa mutum barci, tsokarsa ta saki gaba ɗaya. Wanda yake farke tsokarsa na turjewa saboda zafi, ƙarfin da aka sa sai ya faɗa kan ƙashi da jijiya. Na biyu, likita yana riƙe dantse ne can sama kusa da hammata, ɗaya hannun ya danne allon kafaɗa. In aka riƙe wuyan hannu aka murɗa, tsawon hannun ya zama kamar ƙotar da ake ɓamɓare abu da ita, ƙashin dantse na iya karyewa, musamman ga tsohuwa da ƙashinta ya yi laushi. Na uku, ba a yi sai an ɗauki hoton ƙashi. Na huɗu, ana zuba maganin kumburi a cikin gaɓar a lokacin, kuma ana fara gashi, wato motsa gaɓar a wurin likitan fisiyo, cikin kwana ɗaya zuwa uku. In ba a yi haka ba, inda ya yage ya warke da tabo, kafaɗar ta koma gidan jiya.

Batun hoto shi ya fi damuna. A ƙagewar kafaɗa hoton ƙashi lafiya yake fitowa, ana ɗauka ne don a tabbatar ba wani abu ba ne. Akwai gocewar kafaɗa ta baya, wadda ke faruwa bayan bugun farfaɗiya ko jan wutar lantarki, tana hana hannu buɗewa waje daidai yadda ƙagewa ke yi, kuma ana iya wata da watanni ba a gane ba. Akwai zaizayewar gaɓa. Akwai tarin fuka da ke cin ƙashin kafaɗa a ɓoye. Akwai ƙari a ƙashi. Ka ga in aka fizgi irin wannan hannun me zai faru.

Maman_Sikila_Care: A ƙara da masu amosanin jini, Likita. Yadda jini ke yanke wa kan ƙashin cinya ya mutu, haka yake yi wa kan ƙashin dantse. Mai sikila ɗan shekara 20 ko 30 da kafaɗarsa ta riƙe, kada a ce masa ƙagewa ce a sa shi jan hannu. Hoto tukuna. Kuma a farkon abin hoton ƙashi na iya fitowa lafiya, sai hoton na'urar MRI ke nunawa.

Likita_Gwale: Haka yake, Allah ya saka. Shekaru ma alama ce. Ciwon nan na 'yan 40 zuwa 60 ne. In aka gan shi ga matashi ko ga wanda ya haura saba'in, a ƙara bincike.

Bashir_Famasi: Bari in shigo ta fannin magani, don a nan ake fi yin ɓarna. Ciwo ne mai daɗewa, mutum kuma ba ya barci, sai ya faɗa hannun masu haɗi a leda.

Farasitamol: ƙwaya biyu ta miligiram 500, duk bayan awa 6, kada a wuce ƙwaya 8 a awa 24. A duba magungunan mura, da yawansu akwai farasitamol a ciki, ana ninkawa ba a sani ba.

Ibufurofen: miligiram 400 sau uku a rana bayan an ci abinci, na mako ɗaya zuwa biyu, ba na watanni ba. Mai gyambon ciki, mai ciwon ƙoda, mai ciwon zuciya, mai juna biyu, da mai shan maganin tsinka jini, kada su sha sai da izinin likita. Mai hawan jini ya sani yana iya ɗaga masa jinin. Ibufurofen da diklofenak da firoksikam dangi ɗaya ne, ba a haɗa biyu. Haɗawa ba ya ƙara sauƙi, aman jini yake kawowa.

Mafi hatsari shi ne ƙananan ƙwayoyin da ake sakawa a haɗi, deksametazon ko firedinisolon. Suna kashe zafin da gaske, shi ya sa ake komawa. Amma wata biyu a kansu sai fuska ta kumbura, suga ya hau, jini ya hau, ƙashi ya yi laushi. Wanda ya riga ya daɗe yana sha kada ya daina rana ɗaya, likita ne zai rage masa a hankali. Tiramol kuma ba ya taɓa kumburin, sabo kawai yake bari.

Hajjo_Bichi: To ita allurar da ake yi a kafaɗa fa? An ce tana cinye ƙashi.

Likita_Gwale: Hajiya, allura ɗaya ko biyu da aka yi daidai ba ta cinye ƙashi. A duk abin da muke da shi, ita ce ta fi aiki a matakin zafi. Ana zuba miligiram 40 na tirayamsinolon ko metilfiredinisolon, a haɗa da maganin kashe zafi, a cikin jakar gaɓar kanta, yawanci ta bayan kafaɗa. Allurar ɗuwawu ba ta maye gurbinta. Kwana ɗaya zuwa biyu na farko zafin na iya ƙaruwa, daga nan ya sauka. Amfaninta ya fi fitowa a mako 6 zuwa 12 na farko, kuma wannan shi ne lokacin da mutum zai samu barci ya fara motsa hannun. In aka jira sai zafi ya wuce, kafaɗa ta riga ta ƙage, amfaninta kaɗan ne, don ba ta narkar da tantanin da ya yi kauri. Ba a yawaita ta, biyu ko uku da tazarar makonni. Kuma wanda ya iya ne zai yi, da tsafta irin ta tiyata. In ƙwayar cuta ta shiga gaɓa, ta fi ƙagewar muni nesa ba kusa ba. Bayan allura in kafaɗa ta kumbura, ta yi zafi da zazzaɓi, a koma asibiti a ranar.

Nas_Rakiya: Mai suga a gaya masa tun kafin a yi: allurar na ɗaga suga, ya fi hawa a kwana uku na farko, yana iya kai mako ɗaya ko biyu kafin ya daidaita. Ya riƙa aunawa safe da yamma. In sugan dama a sama yake sosai, a fara saukar da shi.

Kine_Damagaram: Ina son in koma kan maganar ɗan'uwa Fisiyo_Kurna. Matakai ukun nan a littafi suke a tsare, a jikin mutane suna shiga juna. Kuma cewa da kansa yake warkewa tana sa mutane sakaci. Bin diddigin da aka yi wa masu ciwon na shekaru ya nuna kusan huɗu cikin goma suna da sauran ƙagewa ko ɗan ciwo, ko da yake ga yawancinsu bai hana su aiki. Ni ina ganin a fara miƙa hannun da wuri.

Fisiyo_Kurna: Na yarda matakan suna shiga juna, kuma ban ce a zauna ba motsi ba. Inda muka rabu shi ne yawan ƙarfin. A Holan a 2004 an kwatanta rukuni biyu. Na farko aka bar su suna motsa hannu iya inda zafi ya tsaya. Na biyu aka riƙa miƙa musu da ƙarfi har a wuce zafin. Bayan shekara biyu, 89 cikin ɗari na rukunin farko kafaɗarsu ta dawo daidai ko kusa da haka, na biyu kuwa 63.

Kine_Damagaram: Na san binciken. Mutum 77 ne kawai, kuma ba ƙuri'a aka yi wajen raba su ba. Ya isa ya hana mu zaluntar gaɓa mai kumburi, amma bai isa hujjar barin wanda zafinsa ya wuce yana lilo da hannu kawai ba. Wanda ke kwana lafiya, zafi sai a ƙarshen motsi, wannan yana buƙatar miƙewa mai ɗan ƙarfi, a riƙe a daɗe.

Fisiyo_Kurna: A kan wannan rukunin ba mu da saɓani.

Sadiya_Tela: Don Allah a zayyana mana motsin ɗaya bayan ɗaya. Ba kowane gari ke da sashen gashi ba.

Fisiyo_Kurna: To 'yar'uwa. A fara da ɗumama kafaɗar minti 10 zuwa 15 da tawul da aka tsoma a ruwan ɗumi aka matse. Ɗumi, ba tafasasshe ba. Mai suga ya sa wani ya gwada masa zafin, don fatarsa na iya ƙonewa bai ji ba.

A lokacin zafi abu biyu sun isa. Lilo: a dafa tebur da hannu mai lafiya, a sunkuya, a saki mai ciwon ya rataya, a riƙa kaɗa jiki hannun na lilo gaba da baya, gefe da gefe, sannan zagaye kamar faɗin faifai. Minti ɗaya zuwa biyu. Jiki ke kaɗawa, ba kafaɗa ba. Sai zamiya a tebur: a zauna, a ɗora hannu kan tsumma, a tura shi gaba ana sunkuyawa, a tsaya inda aka fara jin ja, a dawo. Sau 10.

In zafin dare ya lafa sai a ƙara waɗannan. A kwanta rigingine, a riƙe wuyan hannu mai ciwo da mai lafiya, a ɗaga shi zuwa saman kai. A kwance ya fi, don nauyin jiki na danne allon kafaɗa. Sai na sanda: a kwance, gwiwar hannu a manne da jiki a kan naɗaɗɗen tawul, a riƙe muciya ko sanda da hannu biyu, mai lafiya ya tura mai ciwon waje. Wannan shi ne mafi muhimmanci kuma shi aka fi yin kuskurensa, gwiwar na barin jiki sai mutum ya ɗauka ya buɗe. Sai hawan bango da yatsu, ana fuskantar bangon, a sa alama da alli duk mako. Sai jawo hannun ta gaban ƙirji zuwa ɗaya kafaɗar. Na ƙarshe kai hannu baya da tawul, kamar mai cuɗa bayansa, mai lafiya a sama yana ja. Wannan shi ke dawowa a ƙarshe, kada a gaggauta shi.

Kowanne a riƙe daƙiƙa 20 zuwa 30, a maimaita sau 3 zuwa 5, sau biyu ko uku a rana. Ba fizga. Ma'auni kuwa shi ne, in zafin da motsin ya tayar bai kwanta cikin awa biyu ba, ko ya hana barci a daren, an wuce gona da iri, gobe a rage.

Kine_Damagaram: A yi hawan bango gaban madubi ko wani na kallo. Cikin digiri 180 da hannu ke ɗagawa, kusan 120 daga gaɓar ne, 60 daga juyawar allon kafaɗa. Mai ƙagewa yana ɗage kafaɗa zuwa kunne ya lanƙwasa baya, yatsu su yi sama amma gaɓar ba ta motsa ba, sai ya ƙare da ciwon wuya. Da zarar kafaɗa ta fara hawa, nan ne iyaka.

Abu_Mus'ab: Yaya batun salla? Wasu suna tilasta wa kansu ɗaga hannu har kunne suna hawaye.

Malam_Na_Zaure: Ɗaga hannu a kabbara ba farilla ba ne, ya ɗaga iya inda ya samu. A sujada ma ba dole sai ya buɗe hammata ba, ya matso da gwiwar hannu jikinsa. In dafa ƙasa wajen tashi ne ke tayar da ciwon, ya dogara da hannu mai lafiya. Allah bai ɗora wa rai abin da ba zai iya ba.

Nas_Rakiya: Ga batun barci da sutura. Kada a kwanta kan kafaɗar. In rigingine ne, a sa filo ƙarƙashin dantse da gwiwar hannu don kada hannun ya faɗa baya. In gefe mai lafiya ne, a rungumi filo babba, a sa wani a baya ya hana juyawa. A sha maganin zafi kamar rabin awa kafin kwanciya. Wajen sa riga hannu mai ciwo ke fara shiga, wajen cirewa shi ne na ƙarshe. Riga mai buɗaɗɗen gaba ta fi, a ajiye mai zif a baya. Daka, jan guga da ɗora tulu a ka, a ba wani na ɗan lokaci. Amma ƙananan ayyuka da ke ƙasa da tsayin kafaɗa a ci gaba da yi. Kada a rataye hannu a wuya da ƙyalle, yana ƙara ƙagewa.

DanBaiwa_77: Ƙaho fa? Da tsaga? Wanzamai na yi, mutane na cewa sun ji sauƙi.

Likita_Gwale: Jakar tana can ƙarƙashin tsoka mai kauri, ƙaho a fata yake tsayawa. Yana iya sassauta tsokar wuya da ta gaji, mutum ya ji daɗi na kwana biyu, amma ba zai buɗe gaɓar ba. Tsaga kuwa ina roƙo a bari, musamman ga mai suga da rauninsa ba ya saurin warkewa. Kuma in akwai ƙurji ko rauni a fatar wurin, ba za a iya yin allurar gaɓa ba sai ya warke. Man zafi ba laifi in fata lafiya take, kada dai a shafa sannan a ɗora ruwan zafi a kai.

Fisiyo_Hauwa: Ba a taɓo rigakafi ba. Akwai ƙagewar da ke biyo bayan ajiye hannu: karayar wuyan hannu, tiyatar nono, tiyatar ƙirji, shanyewar ɓarin jiki. Wanda aka sa wa filasta a wuyan hannu ya riƙa ɗaga kafaɗarsa sama sau da yawa a rana tun daga farko, in dai ba ita ta karye ba. Gargaɗi kan mai shanyewar ɓarin jiki: kafaɗarsa sakakkiya ce, tsokar da ke riƙe ta ba ta aiki. Kada a ɗaga shi ta wannan hannun, kada a ja shi ta hammata, kuma kada a sa masa igiyar nan da ake ratayawa a sama ana jan hannu ɗaya da ɗaya. Ga mai ƙagewa zalla igiyar na da amfani, ga shi kuwa rauni take yi.

Tanimu_Mai_Shago: Na fahimta, Likita. To wanda ya yi allura, ya yi motsi, wata shida ko tara ba canji, kuma da hannun yake ci?

Likita_Gwale: Sai a tura shi wurin likitan ƙashi, irin su Asibitin Ƙashi na Dala ko asibitocin koyarwa. Hanya uku ce. Ana iya ɗura ruwan gishiri na asibiti, mililita 20 zuwa 40, tare da maganin kumburi a cikin jakar don ta buɗe, ana kallo da na'ura. Ana iya sa shi barci a motsa hannun kamar yadda na bayyana. Ko a shiga da kyamara ta ƙananan huji a yanka jakar. A Birtaniya an yi gwaji kan mutum 503, aka fitar da sakamako a 2020, an kwatanta allura tare da gashi, da motsawa cikin barci, da tiyatar kyamara. Bayan shekara ɗaya babu wadda ta yi wa sauran fintinkau, kuma tiyatar kyamara ta fi kawo matsala, ta fi tsada. Don haka wanda bai da kuɗin tiyata kada ya ɗauka an bar shi a baya.

Bashir_Famasi: A tuna wa mutane alamun da ba na jira ba. Ciwon kafaɗar hagu da nauyin ƙirji, gumi ko haki, zuciya ce har sai an tabbatar ba ita ba. Kafaɗa ta kumbura da zazzaɓi. Rama, tari mai daɗewa, gumin dare. Wanda ya taɓa yin ciwon daji. Sai ciwon da ke sauka har yatsu da jin kamar tafiyar kiyashi, wannan galibi daga wuya yake.

Ummu_Hanif: Allah ya saka wa kowa. Saura abu ɗaya da ya dawo da ni tambayata ta farko. Mutumin da ke ƙauye, ta yaya zai gane lokacin ƙyalewa ya wuce, na ja ya zo?

Fisiyo_Kurna: Da dare ake ganewa, Hajiya. In ciwo na tashinsa daga barci, ko yana jinsa yana zaune bai motsa ba, ko zafi ke tsayar da hannun tun bai kai inda ya tokare ba, lokacin ja bai yi ba. In ya yi mako biyu yana kwana lafiya, sai ya fara ƙarawa.

Kine_Damagaram: Ni ba zan sa shi jiran mako biyu cur ba. Akwai waɗanda zafin darensu ke kai wata takwas. Ya gwada miƙewa ɗaya, ta kwance, daƙiƙa 10 kawai, ya ga yadda daren zai kasance. In bai ƙaru ba, jibi ya kai 15.

Fisiyo_Hauwa: Ina tare da na Damagaram, da sharaɗin a ƙara abu ɗaya a lokaci guda, ko tsawon riƙewa ko yawan maimaitawa. In aka ƙara biyu tare kuma ciwo ya tashi, ba a san wanne ya jawo ba.

Hajjo_Bichi: In ta warke tana dawowa?

Likita_Gwale: A kafaɗar da ta warke da wuya ta dawo. Ɗayar ce ke iya kamawa cikin shekaru biyar, ya fi yawa ga masu suga. In ta fara ciwon dare, a je da wuri a nemi allurar tun hannun bai ƙage ba.

Sadiya_Tela: Yaya Hauwa, mai ɗinki da keken ƙafa za ta iya ci gaba da aiki a lokacin zafin? Hannun dama ne ke juya kan keken.

Fisiyo_Hauwa: Za ta iya, in ta gyara zama. Ta ƙara tsayin kujera yadda gwiwar hannu za ta zo daidai da teburin keken, ta matso kusa don kada ta riƙa miƙa hannu nesa. Duk rabin awa ta tashi ta yi lilon nan na minti ɗaya. Yankan yadi a ƙasa da guga da dutsen gawayi mai nauyi su ne za su fi tayar mata da ciwon, ta mai da yankan kan tebur, gugar kuma ta ba yaran shago.